Karen Bara

Shekara goma sha biyu muna gadin sito ɗaya,
ni da Barsu, a Garwa, kusa da gadar Binuwai,
inda ake jibge auduga kafin manyan motoci su zo.
Ni ke riƙe tocila, shi ke riƙe dare.

Ran nan na jefa masa ƙashin awazu
wanda Ilu mahauci ya ajiye mana.
Ya sansana, ya ɗauka, ya sake shi ƙasa,
ya dube ni da idon wanda ake bi bashi.
Na ce ƙoshi ne.
Kwana uku ina cewa ƙoshi ne.

Sai Uwale jikata ta kawo tuwon dare,
ta toshe hanci da gefen mayafi:
"Kaka, bakinsa wari yake."
Na durƙusa na haska.
Dasashi ja wur kamar attaruhu,
haƙora sun yi tsatsa irin ta gindin butar shayi,
turmi ɗaya yana lilo,
yawu na zuba da zaren jini a ciki.
Ashe wata biyu da gefe guda yake tauna,
kai a karkace kamar mai kamo tasha a rediyo,
ni kuwa ina gefe ina kallon hanya.

Babu ɗan acaɓar da ya yarda ya ɗauki kare.
Na ari baro, na shimfiɗa buhu, na tura.
A teburin mai shayi aka kwashe da dariya:
"Baba Tanko, kare za ka kai wa likita?
Naka bakin fa?"
Gaskiyarsu. Shida suka rage mini,
sauran goro ya karɓi zakkarsa.

Likita Asta ta sa safar hannu,
tana magana da shi da Fulatanci, da ni da Hausa.
A benci wata tsohuwa na jira da kyanwa a kwando,
ita ma, in ji ta, ta daina taɓa kan kifi.
Likita ta ce ciwon baki ba ya zama a baki,
yana gangarawa a hankali ya nemi ƙoda da zuciya,
dabba kuwa ba ta kai ƙara, sai dai ta rage ci.
Allura ta kwantar da shi.
Ta kankare, ta wanke, ta cire uku,
na ji faɗuwarsu cikin faranti
kamar an zuba tsakuwa.

Jaka goma sha biyar.
Na kwance ƙullin da nake tarawa tun bara
don a dasa mini na roba a Marwa.
Ban gaya wa Uwale ba.

"Ƙashi ya ƙare," ta ce. "A jiƙa masa abinci.
Ka naɗe yatsa da tsumma mai tsabta
ka goge masa kullum, ko na gaba ne kawai.
Man goge bakin mutane kada ya kusance shi."

Yanzu kafin magariba kwano biyu nake jerawa,
burodi a romo, nasa da nawa,
babu mai yi wa wani gori.
Sai in naɗe yatsa. Da farko ya yi gurnani,
yanzu da kansa yake ɗora haɓa a gwiwata.
In gama, in wanke hannu da sabulu,
in ɗauki aswakina in bi shidan nan ɗaya-ɗaya,
in yi alwala.

Sun ce karen bana ke maganin zomon bana.
To, mu ba zomo muke nema ba.

Daren jiya wani ya taɓa wayar shinge.
Barsu ya miƙe, ƙafar baya na rawa,
ya saki haushin nan nasa tun daga ƙirji,
har karnukan ƙetaren kogi suka amsa.
Na ji takun gudu yana nisa cikin ciyawa.
Na zauna, na kashe tocila.
Ɓarawo ba ya tsayawa ƙirga haƙori cikin duhu.